Daga Ingila Zuwa Gwammaja: Abin Da Tarihin Jirgin BAC 1-11 Ke Koya Mana Kan "Tsoffin Jirage"

Duk lokacin da jirgin sama ya sami matsala a Najeriya, kafin hukuma ta ce uffan, an riga an yanke hukunci a Facebook da X da TikTok. Haka aka yi a daren 28 ga Janairu 2025, lokacin da jirgin Max Air ƙirar Boeing 737 da ya taso daga Legas ya sami matsalar tayar gaba yayin sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Allah Ya kiyaye, babu wanda ya rasa ransa, kuma hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta dakatar da zirga-zirgar kamfanin ta cikin gida na wata uku. Haka kuma aka yi a watan Afrilun 2024, da jirgin Dana Air ya kauce daga titin sauka a Legas. Bayan addu'o'i da alhamdu lillahi, maganar da ke biyowa baya ɗaya ce: akwalar jirgi ne, gwanjo ne, Turawa sun gama cin moriyarsa sun turo mana.

Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take saurin shiga kunne. Sai dai rabin labari ce, kuma rabin da ake bari shi ne ya fi shafar rayukanmu. Don a gane haka, bari mu bi tarihin wani jirgi da yawancinmu ba mu taɓa gani da ido ba, amma iyayenmu a Kano ba za su manta da shi ba. Sunansa BAC One-Eleven, ana rubuta shi BAC 1-11.

Jirgin da aka yi alfahari da shi

Kamfanin British Aircraft Corporation na Ingila ne ya ƙera shi, ya fara tashi a ranar 20 ga Agusta 1963. Ƙaramin jirgi ne na gajerun tafiye-tafiye, injinansa biyu ƙirar Rolls-Royce Spey suna maƙale a baya kusa da wutsiya. Ƙananan cikinsu suna ɗaukar fasinja kusan 80, manyan kuma har 119.

Tun a farko ya ɗanɗana kuɗarsa. Wata biyu kacal bayan tashinsa na farko, a ranar 22 ga Oktoba 1963, jirgin gwajin ya faɗi, duk mutum bakwai da ke ciki suka mutu. Bincike ya nuna cewa idan hancin jirgin ya ɗaga sama fiye da kima, fukafukan suna tare iskar da ya kamata ta isa wutsiya, sai direba ya kasa sarrafa shi. Me suka yi? Ba su yi watsi da jirgin ba, ba su kuma rufe maganar ba. Sun gyara ƙirar, suka saka na'urar da ke girgiza sitiyari don ta gargaɗi direba, da wata da ke tura hancin jirgin ƙasa da kanta idan an kusa shiga haɗari. Darasin wancan hatsari ya amfani sauran jirage masu irin wannan wutsiya a duniya. Ku riƙe wannan, za mu kwatanta shi da yadda mu muke yi.

A watan Afrilun 1965 ya fara ɗaukar fasinja da kamfanin British United Airways. Ya yi kasuwa har a Amurka, inda manyan kamfanoni irin su American Airlines da Braniff suka saye shi, abin da ba kasafai jiragen Ingila ke samu ba. Gaba ɗaya an ƙera guda 244, tara daga ciki a ƙasar Romaniya. Ryanair ɗin nan da ta zama gagara-badau a Turai a yau, da irin wannan jirgi ta yi jigila a shekarunta na farko.

Aibinsa babba shi ne ƙara. Injin Spey tsohuwar fasaha ce, ga shan mai ga rugugi. Da ƙasashen Turai suka tsaurara dokar hayaniyar jirage, wadda ta kankama sosai daga watan Afrilun 2002, kamfanoni suka ga kashe kuɗi wajen rage masa ƙara asara ce. Tun shekaru kafin wa'adin suka fara sayar da shi da araha. Wato abin da ya kore shi daga Turai shi ne ƙorafin maƙwabtan filayen jirgi da lissafin riba, ba yawan faɗuwa ba.

Yadda ya zama ɗan gida a Najeriya

A daidai wannan lokaci, daga shekarun 1980 zuwa na 1990, Nigeria Airways tana durƙushewa, 'yan kasuwa kuma suna buɗe kamfanonin jirage masu zaman kansu. Sabon jirgi sai wane da wane. BAC 1-11 kuwa ga shi nan birjik, farashinsa a ƙasa, yana zuwa da matattakalarsa a jiki, ba ya buƙatar kayan aiki masu yawa a filin jirgi. Okada Air ta Cif Gabriel Igbinedion ta tara su da yawa. Kabo Air ta nan Kano ta yi amfani da su, haka Oriental da ADC da EAS. A gaskiya jirgin ya yi wa ƙasar nan aiki. Shi ya riƙa haɗa Legas da Kano da Jos da Sakkwato da Fatakwal a zamanin da kamfanin gwamnati ya gaza.

Amma Hausawa sun ce araha ba ta ado. Jirgin da aka daina ƙerawa, kayan gyaransa ƙara wuya suke yi kowace shekara, injiniyoyin da suka san shi suna ritaya, kuma komai da dala ake saye. Nan ne labarin ya fara canzawa.

A watan Yunin 1991 wani BAC 1-11 na Okada Air ya faɗi kusa da Sakkwato bayan mai ya ƙare masa. A ranar 18 ga Satumba 1994 wani na kamfanin Oriental, ɗauke da 'yan ƙwallon Iwuanyanwu Nationale da ke dawowa daga wasa a Tunisiya, ya faɗi a Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya bayan ya yi ta yunƙurin sauka cikin rashin kyawun yanayi, mutum biyar suka mutu. Ku lura da kyau: ƙarewar mai da tsarin tafiya da yanke shawara cikin hazo, duk ba su da alaƙa da shekarar da aka ƙera jirgi. Sabon jirgi fil ma idan tankinsa ya bushe, ƙasa zai dawo.

Asabar ɗin Gwammaja

Ranar Asabar 4 ga Mayu 2002, da tsakar rana, jirgin EAS Airlines mai lambar tafiya 4226 ya tashi daga Kano zai tafi Legas. Daga Jos ya taso, ya yada zango a Kano. Bai yi nisa ba ya faɗa kan gidajen jama'a a unguwar Gwammaja. Daga cikin mutum 77 da ke cikin jirgin, 73 suka rasu, har da ministan wasanni na lokacin, Ishaya Mark Aku. A ƙasa kuma mutum 30 aka tabbatar a hukumance, jimla 103, ko da yake a kwanakin farko an yi ta ambaton adadin da ya zarce haka. Mutanen da ke zaune cikin gidajensu, ba su sayi tikiti ba, wasu ma ba su taɓa shiga jirgi ba, ajali ya sauko musu daga sama. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Shi wannan jirgi, mai rajista 5N-ESF, an ƙera shi a 1980. Da kamfanin TAROM na Romaniya ya fara aiki, ya yi zaman haya a wasu kamfanonin Turai, sannan ya iso Najeriya. Shekarunsa 22 ranar da ya faɗi.

To me binciken ya gano? A ranar ana gyaran babban titin tashin jirage na Kano, don haka aka yi amfani da wanda bai kai shi tsawo ba. Ana zafi sosai, kowa ya san Kano a watan Mayu. Iska mai zafi ba ta da kauri, sai inji ya rage ƙarfi, fukafuki kuma su buƙaci ƙarin gudu kafin su ɗaga jirgi. Ga Kano tana kan tudu, kusan mita 470 sama da teku, wanda ke ƙara tsananta lamarin. Jirgin ya cinye titin bai tashi ba, ya shiga cikin ƙasa, injinan suka shaƙi ƙura, ya ɗaga da kyar ba tare da isasshen gudu ba, sannan ya faɗo. Rahoton ya ɗora nauyi mai yawa kan yadda matuƙan suka tafiyar da tashin.

Akwai kuma abin da ya fi ba ni takaici a labarin. Masu bincike ba su sami bayanin kirki daga na'urorin naɗar bayanai ba, waɗanda muke kira baƙin akwati. Jirgin fasinja yana ta yawo da mutane, amma na'urar da za ta faɗi abin da ya faru idan an sami matsala ba ta aiki yadda ya kamata. Wannan ba laifin masu ƙira a Ingila ba ne, ba kuma laifin shekarar 1980 ba. Tambaya ce ga mai jirgin da kuma hukumar da ta sa hannu ta ce ya tashi.

Ihu bayan hari

Bayan hatsarin, ministar sufurin jiragen sama ta lokacin, Kema Chikwe, ta dakatar da duk jiragen BAC 1-11 a ƙasar, gwamnati kuma ta fito da ƙa'idar shekara 22 a kan tsufan jirage. Mataki ne da ya kwantar wa jama'a hankali, domin an nuna mai laifi an kore shi. Shin an sami lafiya?

A ranar 22 ga Oktoba 2005 jirgin Bellview ya faɗi a jihar Ogun da mutum 117. A ranar 10 ga Disambar shekarar jirgin Sosoliso ya faɗi a Fatakwal, mutum 108 suka rasu, cikinsu har da ɗalibai kusan 60 na wata makarantar sakandare ta Abuja da ke komawa hutu. A ranar 29 ga Oktoba 2006 jirgin ADC ya faɗi jim kaɗan bayan tashi daga Abuja, muka rasa Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido da wasu da dama. Babu BAC 1-11 ko ɗaya a cikin waɗannan. An kori jirgin, amma ciwon yana nan: raunin sa ido, ƙarancin na'urorin gano mugun yanayi, kamfanoni marasa jari, da shawarar tashi ko sauka a lokacin da ya kamata a haƙura.

Sai bayan waɗannan jana'izoji aka taɓa tushen matsalar. An yi sabuwar dokar sufurin jiragen sama a 2006 wadda ta ba NCAA ƙarin 'yancin aiki, aka tilasta wa kamfanoni ƙara jari, waɗanda suka kasa suka rufe. A 2010 Amurka ta ba Najeriya matsayi na ɗaya a ma'aunin sa ido kan lafiyar jirage. Ba a rabu da Bukar ba gaba ɗaya, domin a ranar 3 ga Yuni 2012 jirgin Dana ya faɗa kan wata unguwa a Legas, duk mutum 153 da ke ciki suka rasu, har da wasu a ƙasa. Amma duk mai adalci zai yarda cewa manyan haɗurran jiragen fasinja sun ragu ƙwarai idan aka kwatanta da shekarun 2002 zuwa 2006. Abin da ya kawo sauƙin shi ne gyaran doka da sa ido.

Shin tsufa ba komai ba ne ke nan?

A'a, kada a juya min magana. Tsufa yana da tasiri. Duk tashi da sauka, jikin jirgi yana kumbura ya saki saboda matsin iskar da ake cika cikinsa da ita, kamar yadda waya ke karyewa idan aka yi ta lanƙwasa ta. Shi ya sa masana suka fi duba yawan tashi da sauka da awannin da jirgi ya yi a sama fiye da shekarunsa na kalanda. A 1988 rufin wani Boeing 737 na kamfanin Aloha ya yaye a sararin samaniyar Hawaii. Shekarunsa 19 ne kawai, amma ya yi tashi da sauka kusan sau 90,000 a yanki mai iskar gishiri. Tsohon jirgi yana buƙatar bincike mai yawa, mai tsada, kuma a kan lokaci.

Amma ku dubi ɗaya gefen. DC-9, wanda shi ne kishiyar BAC 1-11 kuma sa'ansa, kamfanin Delta na Amurka ya ci gaba da ɗaukar fasinja da shi har watan Janairun 2014, wasu jiragen sun haura shekara 30. Shi kansa BAC 1-11 na ƙarshe a duniya sai a 2019 ya daina tashi, a hannun kamfanin Northrop Grumman da ke gwajin na'urori da shi a Amurka, shekara 17 bayan mun kore shi. A gefe guda kuma, jirgin Ethiopian Airlines ƙirar Boeing 737 MAX da ya faɗi ranar 10 ga Maris 2019 da mutum 157, cikinsu har da Farfesa Pius Adesanmi ɗan Najeriya, watanninsa kusan huɗu kacal da fitowa daga masana'anta.

Duk wanda ya taɓa hawa motar haya ya san wannan lissafi. Akwai tsohuwar Golf da mai ita ke yi wa juye a kan kari, birki garau, taya mai kyau. Akwai kuma sabuwar mota da aka bar wa direba marar haƙuri da tayoyin gwanjo. Wacce za ka saka mahaifiyarka a ciki zuwa Zariya? Bambancin kawai shi ne a sama babu gefen titi da za a faka a kira bakanike.

Inda gizo ke saƙa a yau

Idan ana so a san haɗarin da ke gabanmu, a dubi aljihun kamfanonin. Suna sayar da tikiti da naira, amma kayan gyara da inshora da kuɗin hayar jirgi da horar da matuƙa, yawanci da dala ake biya. Babban binciken da ake warware jirgi a duba shi ciki da bai, wanda ake yi bayan wata 18 zuwa shekara biyu ko makamancin haka, sau da yawa ƙasar waje ake kai shi, duk da cewa Aero Contractors tana yin irinsa a Legas ga wasu nau'o'in Boeing 737. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a 2024. Kuɗin gyara ya ninka, kuɗin shiga bai ninka haka ba. Kamfanin da ke cikin irin wannan matsi, shaiɗan zai riƙa raɗa masa cewa a ɗaga gyaran nan zuwa wata mai zuwa. Abin da ke tsakanin wannan raɗa da rayukan fasinjoji shi ne sufeton hukuma da ba ya karɓar na goro.

Akwai labari mai daɗi ma, don kada a ce baƙi kawai muke gani. Air Peace ta kawo sababbin Embraer, Ibom Air ta kawo Airbus A220. A 2024 gwamnati ta gyara ƙa'idojin kotu da suka shafi yarjejeniyar Cape Town, domin masu ba da hayar jirage su sami tabbacin karɓar kayansu idan an kasa biya, abin da ake fatan zai sauƙaƙa wa kamfanoninmu samun jirage masu ƙarancin shekaru. Madalla. Amma sabon jirgin yau shi ne tsohon gobe. BAC 1-11 ma ai an taɓa yanka masa ribon ana tafi. Idan halin kulawa bai canza ba, nan da shekara 20 ƙannenmu za su zauna suna zagin A220 kamar yadda ake zagin na da.

Sai kuma maganar da ba a cika yi ba, ta mutanen ƙasa. A Gwammaja da Legas, jirgi a kan gidaje ya faɗo. Filin jirgin Kano yau gari ya kewaye shi. Don haka lafiyar jirage ba matsalar masu kuɗin tikiti kaɗai ba ce. Mai shayi a Kurna da ɗalibi a Fagge da mai ɗinki a Gwammaja duk suna da haƙƙin tambaya, domin ta saman kawunansu ake wucewa kullum.

Tambayoyin da suka fi zagi amfani

Mu da muke riƙe da waya, muna da abin da iyayenmu ba su da shi a 2002. Kowane jirgi yana da lambar rajista a jikinsa, na Najeriya da 5N suke farawa. Da wannan lamba, a manhajoji irin su Flightradar24 da shafukan da ke ajiye tarihin jirage, za ka iya ganin shekarar da aka ƙera shi da kamfanonin da ya yi wa aiki. Hukumar binciken haɗurra ta ƙasa, NSIB, tana wallafa rahotanninta a intanet kyauta, kuma ƙa'idar duniya ta ce a fitar da rahoton farko cikin kwana 30. Mutum nawa cikin masu yaɗa bidiyon jirgi yana hayaƙi suke komawa bayan wata guda su karanta abin da aka gano? Bidiyon yana samun dubban masu kallo, rahoton kuma ko kare ba ya shinshina shi.

Nan gaba idan wani abu ya faru, Allah Ya kiyaye, ga abin da ya kamata mu riƙa matsa wa hukuma da kamfanoni a kai. Rahoton farko ya fito a kan lokaci? Baƙin akwatin yana aiki? Yaushe aka yi wa jirgin babban bincike na ƙarshe, kuma a ina? Shawarwarin da masu bincike suka bayar a haɗurran baya, nawa aka aiwatar? Idan an dakatar da kamfani sannan aka ɗage, me aka gano, me aka gyara? Kuma mu 'yan aikin jarida masu tasowa, wannan aikinmu ne kai tsaye, mu bi labari har bayan ya daina tashe.

Cewa jirgi tsoho ne ba ya tayar wa kowane jami'i hankali, domin amsarsa a shirye take: zai ce doka ta yarda, kuma ko a Amurka ana tashi da irinsa. Gaskiya ya faɗa kuwa. Wanda zai sa shi gumi shi ne matashin da ya zo da lambar jirgi da kwanan wata da shafin rahoto, ya ce a yi masa bayani. Turawan da suka ƙera BAC 1-11 sun rasa mutum bakwai a 1963, suka bi diddigin dalili har suka gyara. Mu mun rasa sama da ɗari a Gwammaja, muka kori jirgin, muka jira wasu ɗaruruwan suka bi su kafin a gyara doka. Rigakafi dai ya fi magani, kuma a harkar jirgin sama rigakafin yana cikin takardun gyara da sa hannun sufeto. Can ya kamata mu riƙa haska fitila tun jirgi yana ƙasa.